Tumbin Giwa ko Giwar Kanta? Kano da Yankari ga Mai Fita Buɗe Ido Karon Farko

Wani ƙanena, ɗan baffana da aka haifa a Agege ta Legas, ya gama hidimar ƙasa da ɗan abin da ya tara daga alawus. Ya kira ni da daddare ya ce, "Yaya, kwana huɗu gare ni kafin in kama aiki, kuma ban taɓa fita don kawai in buɗe ido ba. Kano zan je in ga kayan tarihi, ko Yankari in ga giwa?" Na yi dariya na ce masa ai duka biyun giwa ce, ɗaya tumbinta, ɗaya kuma ita kanta. Sai dai tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ba shi kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba.

Bahaushe matafiyi ne tun kaka da kakanni. Fataucin goro ya kai mutanenmu Gwanja da Salaga, aikin Hajji a ƙafa ya bar zuriyarmu a Sudan, cin rani da neman karatu kuwa har gobe ana yi. Amma duk waɗannan tafiye-tafiye ne masu dalili a gaba. Mutum ya ɗauki jaka ya biya kuɗin mota don kallo zalla, ya dawo ba riba ba ijaza, wannan baƙon abu ne ga yawancinmu. Shi ya sa mai fita karon farko yakan zaɓi wuri saboda hoton da ya gani a Facebook, ya je ya tarar abin da ke cikin hoton bai fito ba ranar.

A nan ne bambancin wuraren biyu yake, kuma ya fi batun kuɗi nauyi. Kayan tarihi ba sa gudu. Dutsen Dala na nan inda Barbushe ya bar shi, ko da ƙarfe nawa ka zo. Amma bebaye ne. In ba ka da mai yi maka bayani, ganuwa tarin jar ƙasa ce, rijiyar rini kuma rami ne mai wari. Daji shi ba ya neman tafinta. Yaro ɗan shekara biyar ya ga ɓauna ta ɗago kai ta zuba masa ido, ya san ya ga abu, ba sai an faɗa masa ba. Sai dai daji bai yi wa kowa alkawari ba, kuma ba ya mayar da kuɗin mota.

Mu fara da Kano, tunda ita ce babba.

Abin da ya sa Kano ta dace da sabon matafiyi shi ne kusan duk abin kallon yana cikin birni ɗaya, kuma yawancinsa yana rataye da suna ɗaya. Riƙe sunan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ka riƙe makullin rabin abin da za ka gani. Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, a nan ya zauna kafin ya hau gadon sarauta. Gidan sarki na yanzu shi ya gina shi, shi ya sa har yau ake ce masa Gidan Rumfa. Kasuwar Kurmi a zamaninsa aka kafa ta. Ya faɗaɗa ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tsakanin 1095 da 1134. A fadarsa kuma Shehu Magili, malamin nan da ya zo daga Tilimsan, ya sauka ya rubuta masa nasihar yadda sarki zai riƙe jama'a. Wanda ya shiga gari da wannan zare a hannunsa ba zai ga wurare a warwatse ba, zai ga aikin mutum ɗaya da magadansa.

Shawarata a fara da Gidan Makama da safe, ba don ya fi sauran kyau ba, sai don shi ke ba da harshen da za ka fahimci sauran. A can za ka ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da hotunan zamanin zuwan Turawa da suka ci birnin a 1903, da kwatancin ɗakin amarya irin na da. Ginin kansa darasi ne. Ɗaga kai ka dubi daurin guga na azara da ke riƙe da rufin soro, ka ji sanyin ɗakin da rana tsaka ba fanka ba na'ura, sannan ka tambayi kanka dalilin da ya sa muka koma bulo da kwano. Akwai ma'aikata masu zagayawa da baƙi. Kada ka ce ai kai Bahaushe ne ka san komai. Bi su, ka yi tambaya, ka yi musu ihsani a ƙarshe.

Daga nan sai marinar Ƙofar Mata, wadda marina ke lissafa kafuwarta daga 1498. Wannan ce wurin da na fi so a duk zagayen, domin ita ba gidan ajiya ba ce, wurin aiki ne. Ana haɗa baba da toka a ramin da ya fi tsayin mutum zurfi, a bar shi ya yi makonni yana ruɓa kafin ya nuna. Tsaya ka kalli marini yana tsoma zane yana ɗagowa. Zanen yakan fito da ɗan kore-kore, iska na bugunsa sai ya juye shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa, a sake ɗagowa, har launin ya kai yadda ake so. A gefe kana jin sautin masu bugu suna dukan yadi a kan gungume har ya yi walƙiya. Irin wannan baƙin yadi mai sheƙi ne Buzaye suka daɗe suna saye daga ƙasar Kano suna naɗawa. Za ka kuma ga ramuka da yawa a bushe, wasu sun cika da shara, domin atamfa da shadda masu araha daga waje sun kashe kasuwar. Wannan ma tarihi ne, na yau, kuma marinan ba sa ɓoye shi in ka zauna da su.

Kurmi kuwa a shiga da ɗan gari. Lungunanta ƙanana ne, suna kama da juna, kuma farashin farko da za a gaya wa baƙo ba shi ne farashi ba. Kayan doki, jakunkuna da takalman dukawa, tasoshi, turaren wuta, duwatsun wuya, littattafan addini, duk suna nan. Dala a bar shi sai la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi. Hawan ba shi da tsawo, ko dattijo mai ƙarfin gwiwa zai iya, kuma daga sama kana hango Goron Dutse da koren kubbar babban masallaci da birnin da ya cinye ganuwarsa ya wuce. In da sauran kwana, akwai Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909.

To amma kada in yi maka daɗin baki. Mai zuwa Kano da hoton tsohon birni a ransa zai sha mamaki. Ganuwar ta zaizaye a wurare da yawa, an gina shaguna da gidaje a kanta ko a jikinta, ƙofofi da dama kuma an rushe su an sake su da siminti don faɗaɗa titi. Tsakanin wannan wurin tarihi da wancan akwai cunkoso, hayaƙin adaidaita sahu, ƙara, da zafi. Ba hutu za ka je yi ba. Za ka koma masauki da daddare ƙafafu na zogi, kai cike da sunaye. Wanda aiki ya riga ya gajiyar da shi, ya zo neman inda zai huta, Kano za ta ƙara masa wata gajiyar.

Batun Hawan Sallah na daban ne. Shi ne abu ɗaya a Kano da yake da rana da lokaci kamar fitowar namun daji: Hawan Idi, kashegari Hawan Daushe, sannan Hawan Nassarawa, sai Ɗorayi ko Fanisau. Hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su a Disamban 2024. Wanda ya ga mahaya sun sako dawakai a guje sun yi jahi a gaban sarki, kakaki na tashi, ba zai manta ba. Amma ba zan ce sabon matafiyi ya ɗora duk tafiyarsa a kan hawa ba. Annobar korona ta hana shi a 2020, rikicin sarautar da ya taso a 2024 kuma ya sa an dakatar da shi fiye da sau ɗaya. Ga masauki na tsada a makon Sallah, ga turmutsitsi. In ka samu, ƙari ne. Ka tabbatar za a yi kafin ka biya kuɗin mota.

Yanzu Yankari.

Gandun dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na tarayya a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin Bauchi a 2006. Daga garin Bauchi ana bin titin Gombe zuwa Dindima, a karya kudu zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. Abin da sababbi ba sa sani shi ne ƙofa ba ita ce isowa ba. Daga nan akwai sauran wajen kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin Wikki inda masauki yake. Gaba ɗaya daga Bauchi kimanin kilomita 110 ne. Ba tasha a ciki, ba adaidaita sahu. Ko dai ka zo da motarka, ko ka ɗauki shata daga Bauchi ka yi yarjejeniya da direba kan ranar da zai dawo ɗaukarka, ka kuma riƙe wani ɓangare na kuɗinsa sai ya dawo.

Zan faɗi abin da masu tallar wurin ba sa so a faɗa da ƙarfi: kada ka je Yankari don giwa. Giwayen suna nan, suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, ƙiyasin masu kula da su ya sa su tsakanin 100 da 150. Amma raba wannan adadi a kan murabba'in kilomita fiye da dubu biyu na kurmi da ciyawa, ka ga yadda lissafin yake. Garken yana yawo, wani lokaci ma yana fita har gonakin ƙauyukan da ke kewaye, abin da manoman yankin suka daɗe suna kuka da shi. Akwai masu fita sau ɗaya su ci karo da su a bakin kogi, akwai masu kwana uku su koma da hoton kashinsu da sawunsu kawai. Zaki ya fi haka wuya, 'yan kaɗan ne suka saura. Raƙumin dawa kuwa babu shi a Yankari. Mai son ganinsa sai ya nufi gandun Sumu da ke Ganjuwa, inda aka kawo dabbobi daga Namibiya a 2006.

Abin da za ka gani ba tare da wahala ba shi ne gwambaza, mazo, gadu, birai iri-iri, sau da yawa ɓauna, in an yi sa'a gwanki ko kanki, kada da dorina a wajen Kogin Gaji, da tsuntsaye sama da iri 350 ga mai haƙurin ɗaga kai. Fita kallon dabbobi da sassafe ake yi ko da yamma, a mota, tare da ma'aikacin gandun. Ba a sauka sai ya ce a sauka. Gadu da gwaggon biri kam ba sai ka fita nema ba, su za su zo maka har ƙofar ɗaki. Gwaggon birin Wikki ɓarayi ne ƙwararru, sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake tura ƙofar da ba a kulle ba. Kada ka riƙe abinci a hannu a fili, kada ka bar gilashin mota a buɗe, kada kuma yaro ya yi musu tayi.

To me ya sa za a je? Saboda ruwan Wikki. Shi ne alkawari ɗaya da Yankari ke cikawa kullum. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana zubar da lita miliyan 21 a kowace rana zuwa Kogin Gaji. Garau yake, kana tsaye kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Wajen bakin dutsen yana da zurfin da zai shanye mutum, amma yana raguwa in ka gangara, har inda yara za su yi wasa da babba a kusa. Shiga wannan ruwa da asubar hunturu, iska na yanka fata a waje, ruwan na rungumarka da ɗumi, itatuwa sun rufe sama, ba ƙarar inji ko ɗaya, wannan shi ne abin da kuɗinka ya saya. Wanda ya je da wannan niyya ba ya dawowa da takaici. In giwa ta fito, ta zama gyara.

Akwai kuma abin da ke rushe rabon da muka yi tun farko na cewa nan tarihi, can daji. A cikin Yankari akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka shuɗe suka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey guda 139 da aka haƙa don tara ruwa, da kufan matoyar tama inda aka narka ƙarfe. Mutane sun zauna a wannan daji kafin ya zama na dabbobi. Ka roƙi mai rakiya ya kai ka kogunan, domin ba kowace fita ake bi ta can ba.

Kuɗi fa? Ba jimillar ce ta bambanta su sosai ba, yadda kuɗin ke fita ne. A Kano kuɗi na fita kaɗan-kaɗan, kuma linzamin na hannunka. Kuɗin shiga wuraren tarihi ba shi da yawa. Masauki akwai na kowane aljihu, wanda ma yake da dangi ko abokin makaranta a gari ya huta da wannan. In aljihu ya yi sauƙi, gurasa bandashe da fura sun isa abincin rana, ba wanda zai san halin da kake ciki. Abin da ke cinye kuɗin baƙo a Kano tsaraba ce, don ba a shiga Kurmi a fito hannu rabbana, ga kilishin Agadasawa da kowa a gida zai tambaya. A Yankari kuwa kuɗi na fita a dunƙule kuma ba ciniki: shatar mota ko man zuwa da dawowa, kuɗin ƙofa, ɗaki, motar kallon dabbobi, abinci a inda babu wani mai sayarwa na biyu. Mafi nauyin waɗannan ba sa canzawa ko kai kaɗai ne ko ku shida ne. Saboda haka Yankari tafiyar ayari ce. Abokai biyar su haɗa kuɗi, ta yi sauƙi. Mutum ɗaya ya je shi kaɗai, ya biya kuɗin mutum biyar, ya kuma zauna da dare ba abokin hira sai kukan tsuntsaye.

Ga abin da na fi so sabon matafiyi ya auna, wato tsadar kuskure. Duk mai fita karon farko sai ya yi kuskure, ba makawa. Zai manta caja, ko maganin da yake sha, ko ya ƙiyasta kuɗi ƙasa da yadda ya kamata, ko ya kama ɗakin da bai yi masa ba. A Kano duk wannan gyaran minti goma ne. Kemis na kan kwana, mai cirar kuɗi na ƙarƙashin kowace lema, otal bai yi ba ka koma na gaba, ka ɓata hanya ka tambayi mai shayi, matambayi ba ya ɓata. A tsakiyar daji kuskure ɗaya na iya cin rabin tafiyar. Sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne, don haka tiransifa na iya ƙi, sai tsabar kuɗi. Mai a Bauchi ake cika tanki. Babban asibiti yana da nisa, abin lura ga mai ciwon suga, mai asma, ko mace mai juna biyu. Akwai sauro, akwai ƙudan tsando mai cizo kamar allura, wanda ke son baƙin kaya da shuɗi, don haka rinin Ƙofar Mata ba kayan shiga daji ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Yankari ta fi Kano hukunta wanda ya yi hakan.

Tsaro ma dole a faɗe shi. Wasu ƙauyukan Alkaleri sun fuskanci hare-haren 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. Kafin ka tashi ka kira hukumar gandun ka ji halin da ake ciki a makon, ka tambayi direbobin tashar Bauchi, su ne ke bin hanyar kullum. Ka shiga da rana ka fito da rana. Kano nata hatsarin na birni ne: masu ƙwacen waya a wasu unguwanni bayan magariba, da 'yan sane a cunkoso.

Lokacin shekara yana iya yanke maka hukunci tun kafin ka yi dogon tunani. Kano ana zuwa kowane wata, ko da yake hunturu ya fi daɗin yawo a ƙafa, sai dai hazo kan rufe hangen da ake yi daga kan Dala. Yankari kuwa ta rani ce. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi na taruwa a bakin Gaji, kuma mafi kyawun gani yana zuwa ne daidai da mafi tsananin zafi, wato Maris da Afrilu. Da damina dajin ya yi kore shar, ya fi kyau a hoto, amma ciyawa ta fi mota tsawo, dabba na da ruwa ko'ina, ba abin da zai kawo ta gabanka. In hutunka ya faɗo a Agusta, ka tafi Kano, magana ta ƙare.

Sai kuma wa za ka tafi da shi. Yara ƙanana ba ruwansu da Rumfa. Minti ashirin a gidan tarihi sun fara jan riga, amma gadu ɗaya da ya ɗaga wutsiya ya ruga zai ishe su labari har shekara. Dattawa akasin haka ne. Kai mahaifiyarka Gidan Makama ka ga yadda za ta tsaya a ɗakin amarya tana nuna maka jeren da aka yi mata irinsa, ta zama ita ce mai bayanin. Ga amarya da ango, ko iyali masu mata da 'yan mata, a san cewa Wikki wurin wanka ne na kowa da kowa, maza da mata, baƙi da 'yan gida. Ranakun Asabar da Lahadi, da hutun Sallah da na Kirsimeti, yana cika da ɗalibai da kiɗa. Mai son sutura da natsuwa ya zo tsakiyar mako, ya sauka ruwa da sassafe kafin jama'a su tashi, mata kuma su zo da kayan da za su shiga ruwa da su a rufe.

In aka matsa mini sai na zaɓa wa wanda bai taɓa fita ba, Kano zan ce. Ba don ta fi Yankari daɗi ba, wallahi ba ta fi ba. Sai don a nan zai koyi tafiya kanta, yadda ake kama masauki, yadda ake ciniki da direba, yadda ake raba kuɗi a kan kwanaki, a wurin da kuskure ba ya cizo. Kuma abin da ya zo gani zai gan shi. Na cire mutum iri biyu daga wannan hukunci. Na farko wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko Damagaram, wanda soro da ganuwa da hawan sarki abin yau da gobe ne a wurinsa. Shi baƙon abu a gare shi shi ne dare marar janareto da sama cike da taurari, ya tara abokai su nufi Bauchi. Na biyu wanda abin da ke damunsa gajiya ce, ba ƙishin sani ba. Shi ma ruwan ɗumi ne maganinsa.

Haɗa biyun a kwana huɗu kuwa, kada ka fara. Tsakanin Kano da Bauchi wajen kilomita 300 ne ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, ga kuma shiga dajin, sai ka ƙare hutun a kujerar mota. Mai mako guda cif zai iya: kwana uku a Kano, a tsaya Birnin Kudu a ga zanen da mutanen zamanin da suka yi a jikin duwatsu, a kwana Bauchi a ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa a ci masa da safe, sannan kwana biyu a Wikki a wanke ƙurar Kurmi. A wannan jerin, ba a juye ba. Wanda ya fara da shirun daji, hayaniyar Kano za ta yi masa yawa.

Ƙanen nawa shi kaɗai ne, hutunsa ya faɗo cikin damina, kuma duk Hausar da yake ji bai taɓa ganin soron ƙasa da idonsa ba. Na ce masa ya hau motar Kano, na haɗa shi da wani abokina ɗan cikin gari. A rana ta biyu ya turo mini hoton hannunsa shuɗi har wuyan hannu, wai wani dattijo a marina ya ce ba a kallon rini daga tsaye. Ya ce Yankari sai Maris, shi da abokansa huɗu, sun ma fara adashi.